Ɗaukar Hoton Rawanin Rana: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Waɗanda ke Gusau ko Katsina ranar 29 ga Maris, 2006 sun ga husufin rana cikakke, sun kuma ga wani farin haske kewaye da baƙin faifan wata. Wannan shi ne korona, ni kuwa ina ce masa rawanin rana. Zafin fuskar rana kamar digiri 5,500 ne, amma na rawanin ya wuce miliyan ɗaya. Me ke dumama shi haka? Har yau ana muhawara.

A cikin rawanin akwai igiyoyin maganaɗisu masu siffar baka, cike da iska mai zafi. A watan Yuli 1998 kumbon TRACE ya ga suna lilo, kowane zuwa da dawowa kamar minti 5. Masana da dama na ganin irin wannan lilo yana iya ɗaukar ƙarfin da ke dumama rawanin.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kumbo hoto yake ɗauka, ɗaya bayan ɗaya. Kun tuna a sinima yadda tayar mota ke zama kamar tana juyawa baya? Tayar ce ta fi kyamara sauri. Ƙa'idar Nyquist ta ce sai an ɗauki aƙalla hoto biyu a kowane lilo kafin a auna shi daidai. Kumbon SDO, wanda aka harba a 2010, yana ɗauka duk sakan 12, saboda haka lilon da bai kai sakan 24 ba ya fi ƙarfinsa.

Abin haushi kuma, ba ɓacewa yake yi ba, kama yake sakewa. Malaman lissafi ku duba ni: lilon sakan 15, in ana ɗaukarsa duk sakan 12, zai fito kamar na sakan 60. Saurinsa ya ragu sau huɗu ke nan a takarda, ƙarfinsa kuma sau 16, tunda ƙarfi da ninkin sauri yake tafiya. Mai bincike sai ya ce lilo ba ya isa ya dumama komai, alhali awon ne ya cuce shi.

Solar Orbiter, da aka harba a 2020, yana iya ɗauka duk sakan biyu ko uku, kuma ya ga lilo masu sauri, na ƙasa da minti ɗaya. Sai dai yana da nisa, ba ya iya aiko da hotuna masu yawa, don haka na ɗan lokaci kawai yake irin wannan ɗauka.