Buntu da ɓawon gujiya suna ƙara wa roba ƙarko

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Sukukutane



Ku dubi itacen da ke bakin rijiya. Igiyar guga ta ci shi har ta yi masa rami. Ku dubi takalmin roba. Wata nawa yake yi kafin ya suɗe? Duk abin da ake gogawa yana cinyewa, balle a ƙasarmu ta Arewa mai rairayi.

Magini ba ya kwaɓa ƙasa ita kaɗai. Sai ya zuba mata ƙaiƙayi don kada ta tsage. Masu ilimi sun ɗauki wannan dabara, sun kai ta ga roba. Suna niƙa buntun shinkafa, ko ɓawon gujiya, ko karan hatsi, su cuɗa garin da narkakkiyar roba, su zuba a ma'auni. Abin ba sabo ba ne. A Jamus ta Gabas, daga 1957 zuwa 1991, an ƙera mota mai suna Trabant. Da ragowar auduga da ƙaro aka yi jikinta.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an yi gwaji irin wannan. Ga yadda ake yi: a auna nauyin ɗan guntu, a danna shi a kan faifan ƙarfe mai juyawa, sannan a sake aunawa. Wanda ya rage nauyi kaɗan, shi ne mai ƙarko.

Me ya sa buntu yake taimako? In aka ƙona kilo 100 na buntu, toka kusan kilo 20 take saura. Yawancin wannan toka sinadari ɗaya ne da na rairayi, mai tauri ƙwarai. Shi yake tare gugar. Ga shinkafa kuwa ana nomawa a Gaya, nan jiharmu ta Doso.

Amma akwai sharaɗi. Garin ya bushe sarai, ya yi laushi, kuma a sa shi da awo. In ya yi yawa, roba ba ta iya riƙe shi. Sai ya riƙa ɓarewa, kayan su lalace da wuri, su sha ruwa su kumbura. Kun san tuwon da gari ya yi wa yawa!

Wani dattijo ya tambaye ni ko zai iya narka leda a gida ya gwada. Baba, kada ka yi. Hayaƙinta guba ne, yana kama ƙirji, musamman na yara. Ledar nan mai laushi ma, dokar 2014 ta hana ta a Nijar. Wannan aiki na masana'anta ne.

Gobe kowa ya zo da ɓawon gujiya cikin hannu. Za mu rubuta sunansa a allo, sannan mu yi lissafin buhu nawa gidansa yake zubarwa bayan kaka.