Kwamfutocin Makaranta da Baƙaƙe Masu Ƙugiya



A zangon da ya wuce an ba makarantarmu da ke Kakuri tsofaffin kwamfutoci. Ba mu da kuɗin lasisi, sai muka ɗora musu Ubuntu, wani reshe na Linux da ake rabawa kyauta tun shekarar 2004.

Ranar farko allon ɗaya daga cikinsu ya yi duhu ƙirin, har wani abokin aiki ya yanke cewa ta mutu. Ashe direban bidiyo ne, wato manhajar da ke sasanta tsakanin na'ura da katin hoto, bai dace da katinta na NVIDIA ba. Muka tashe ta da umarnin nomodeset, muka zaɓi direban da ya dace a sashen Additional Drivers, hoto ya dawo.

Abin da ya fi damuna shi ne allon madannai. Na buga wa 'yan aji biyar jarrabawar Hausa, na nufi "an karɓi baƙi", takarda ta fito da "an karbi baki". Yaran suka yi dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni, domin ni ne mai cire musu maki kan ƙugiya.

Gyaran bai kai minti biyar ba. A shiga saitin madannai, a ƙara tsarin Hausa na Najeriya, sannan a danna Super da Space don sauyawa tsakaninsa da na Turanci. Ina roƙon reshe ya ware Asabar guda mu koya wa juna kafin jarrabawar ƙarshen zango.