Barga ma gini ce: lacca a kan gidajen dawakin sukuwa da folo

 

Shekara da shekaru muna ja-in-ja da wasu da ke zaune a ɗakin nan a kan abin da ya cancanci a kira ginin tarihi. In an ce a lissafa, kowa ya san karatun: ganuwa, ƙofofin birni, fadar Zazzau, masallacin Juma'a na Babban Gwani. Ba na musun ko ɗaya. Amma duk ranar da na ce a ƙara barga, sai a yi dariya, wani ya ce Malam ya zo da ɗakin kashin doki.

To, bari mu bi filayen sukuwa ɗaya bayan ɗaya, domin nan hujjata take. A Legas aka fara folo a 1904, kuma filin sukuwarta a tsakiyar gari yake. A nan aka sauke tutar Ingila a 1960. A 1972 aka zuba masa kankare ya koma Dandalin Tafawa Ɓalewa. Dawakin da suka rage a wurin su ne gumakan da ke bisa ƙofa. A Kaduna, filin da aka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a 1956 shi ne yau Dandalin Murtala. Ku tambayi matashin da ke motsa jiki a can da safe ko ya san an taɓa sukuwa a wurin. Otal ɗin Durbar ma, da aka gina saboda hawan bikin FESTAC na 1977, an rushe shi a farkon 2020. A Kano sunan Filin Sukuwa yana nan, gari kuwa ya kewaye shi ta ko'ina.

Ku lura da abu guda a duk wannan. Fili yakan tsira, ko da an sauya masa suna, saboda gwamnati na bukatar wurin fareti. Barga ce ba ta da mai kare ta. Tana gefe, rufinta kwano ne ko azara, masu kwana a cikinta ba su da baki a ofis. Doki na barin ta sai a mai da ita shago ko garejin makanikai, bayan damina biyu kuma a ce ta zama kango, a sa katafila. Duk wanda ya ga yadda filaye ke tsada daga Kwangila zuwa Palladan, tun da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta kafu a 1964 unguwar ta cika, ya san abin da ke jiran gine-ginen dawakin da suka rage a kusa da filin folo na Zariya da cikin gidajen masu sarauta.

Ana ce mini wannan kayan Bature ne, ragowar mulkin mallaka. Amsar gajera ce. Kafin jirgin ƙasa ya iso Zariya, kafin a yanka Sabon Gari, akwai Madaki, akwai Shamaki mai kula da bargar sarki. Folo kuwa, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya karɓe ta ya mai da ita ta gida, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi sunan da har yau ba a manta ba. Masu cewa babu kuɗi kuma, ban ji sun faɗi haka ranar hawan Daushe ba.

Abin da ke cikin barga ilimi ne, kuma ba a rubuce yake ba. Tazarar da ke tsakanin turke da turke don kada ingarmu su yi faɗa. Inda ake buɗe taga sama da kan doki, iska ta shiga, hunturu bai buge shi ba. Gangaren daɓe don fitsari ya wuce kada kofato ya ruɓe. Rumbun harawa nesa da murhun da ake hayaƙin korar sauro, kwamin dusa da kanwa, ƙusar rataye sirdi da linzami da ragama. Ɗan barga da ya shekara arba'in a wurin zai gaya maka dalilin kowane, amma in bango ya faɗi babu abin da zai nuna maka da yatsa. (Na taɓa kai ɗalibai wata tsohuwar barga don mu auna ta, da muka koma bayan hutu, bulo muka tarar an jera.)

Wasu ƙasashen sun gane. A Faransa, babbar bargar Chantilly da aka fara ginawa a 1719 ta zama gidan tarihin doki a 1982, da dawakai masu rai a ciki. A Newmarket ta Ingila an gyara tsohuwar bargar dawakin sukuwa aka buɗe ta a 2016, tsofaffin dawakin tsere na zaune a can ana zuwa kallonsu. Ban ce mu kwaikwayi marmara ba. Dokin da aka bari a ciki nake so ku riƙe.

Saboda haka abin da nake nema bai canza ba. Sashen zanen gine-gine da tsangayar likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello su haɗa ɗalibai, su bi Sabon Gari da birni su auna kowace tsohuwar barga, su ɗauki muryar 'yan barga da zagage tun suna raye. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta ba ikon ayyana gini, ta karɓi wannan jerin ta yi aikinta. In an zo gyara, a kira magina na gargajiya, kada a lulluɓe da siminti kamar yadda aka kewaye masallacin Babban Gwani a shekarun 1970. Kuma kada a fitar da doki don a zuba hotuna: a bar masu folo da masu hawan salla su biya haya, kuɗin ya tafi yaɓe da rufi duk shekara kafin ruwa ya sauka.

Shugaban taro, na ga kana duban agogo.