Idan Babur Ya Fi Ƙafar Mai Shi Tsawo



Da yawa daga cikinmu, in mun gama karatu, ƙauye za a tura mu, ko malamin gona, ko ma'aikacin lafiya, ko mai duba makarantu. Wanda aka tura ƙasar Daura kuwa, watau Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Baure, zai tarar da cewa da zarar ya sauka daga kwalta sai rairayi, da damina kuma ga zaizayar ruwa. Don irin wannan ƙasa aka ƙera dogayen baburan nan, irin su Yamaha AG da DT waɗanda ayyukan gona da na lafiya suka daɗe suna raba wa ma'aikata a ƙasashen Afirka, da kuma manyan yayyensu na doguwar tafiya. Su manyan ma ba baƙinmu ba ne. Tseren Dakar na farko, wanda ya tashi daga Faris ran 26 ga Disamba 1978, ta Agadas da Yamai ya bi, kuma Cyril Neveu ne ya ci shi a kan Yamaha XT500. Daga baya kamfanin ya raɗa wa wani baburinsa sunan hamadar Tenere ta Nijar.

To, aibin waɗannan babura ɗaya ne, shi ne tsawo. Sirdin Ténéré 700 na 2019 santimita 87 da rabi ne daga ƙasa. Mutum matsakaici in ya hau sai ka ga yana ɗage, yatsun ƙafa kaɗai ke taɓa ƙasa, ita kuwa ƙasar rairayi ce mai nutsewa. Faɗuwa biyu uku a gaban dagaci da jama'arsa ta isa ta kai shi wurin bakanike, ya ce a sauke masa bayan babur.

Kafin a ɗauki sifana, ya kamata mu san abin da ake sayarwa. Tsawon nan ba ado ba ne. A wancan babur da muka ambata, ƙafar baya tana iya motsawa sama da ƙasa santimita 20, kuma tsakanin cikin inji da ƙasa akwai santimita 24. Wannan fili shi ke shanye rami, shi ke hana inji dukan kututture. Duk santimitar da aka sauke, daga nan aka cire ta. Saboda haka shawararmu ita ce a fara da gyaran da ba ya taɓa ƙafar babur sam.

Wannan gyara kuwa a sirdi yake. Mai ɗinkin kujerun mota zai iya cire fatar, ya rage soson kamar santimita 2 ko 3, sa'an nan ya fiƙe gefunansa na gaba. Fiƙewar nan ta fi ragewar amfani, gama faɗin sirdi shi ke buɗe cinyoyi ya hana ƙafa miƙewa ƙasa. Mutane da dama a nan bukatarsu ke ƙarewa. Har ila yau akwai abin da ba a biyan ko kwabo: ƙafa ɗaya ta isa tsayuwa. A zame kaɗan zuwa hagu, a dasa ƙafar hagu sosai, ta dama tana kan birki. Mahayan da muke kallo ran hawan Gani ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa, amma ba mu ji wanda ya ce a rage wa dokinsa tsawo ba.

In hakan bai wadatar ba, sai a zo kan sifirin. Galibin babura suna da zobe ko noti da ake murɗawa a matse sifirin baya ko a sassauta shi. In an sassauta, babur ya ƙara zama ƙasa sa'ad da aka hau. Amma fa da iyaka: in mutum ya zauna da kayansa, bai kamata baya ya nutse fiye da sulusin motsinsa ba, watau wajen santimita 6 ko 7 cikin 20. Wanda ya wuce haka, sa'an nan ya ɗora akwatin allurar rigakafi ko buhun iri ya goya abokin aiki, to a rami na farko taya za ta bugi ƙarƙashin sirdi. Babur mai sifirin ɗaya a tsakiya akan canja masa 'yan ƙarafan da ke haɗa shi da ƙafar baya, mai biyu kuma a sa masa gajeru waɗanda aka ƙera don nauyinsa. Abin da muke roƙo a guje wa shi ne yanke sifirin da zarto ko gasa shi da wutar walda don ya lotsa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: wanda aka yanke ya ƙara tauri ya daina zama daidai a mazauninsa, wanda aka gasa kuwa ƙarfensa ya mutu, ranar karyewarsa kurum ake jira.

Sauran aikin shi ne wanda aka fi mantawa. Idan baya ya sauka gaba yana nan yadda yake, babur ya ɗaga kai ke nan. Nauyi ya koma baya, kan ya yi nauyin juyawa, fitila kuma ta koma haska idon mai zuwa maimakon hanya. Sai a kwance notunan da ke riƙe da sandunan gaba, a zura su sama kaɗan, ba fiye da santimita 1 ko 2 ba, a tabbata taya ba za ta kai ga marfinta ba in an taka birki da ƙarfi, a kuma gyara fitila. A sake duba sarƙa mutum yana zaune a kai, domin saukewa tana ƙara mata ɗamewa, ɗamammiyar sarƙa kuwa cinye haƙoran giya take yi, wani lokaci ta tsinke a daji. Ƙarfen da ake kafe babur da shi kuma yanzu ya yi tsawo, babur zai tsaya cak, iska kaɗan ta tura shi dama. A rage shi gwargwadon abin da aka sauke, a yi masa waldar faffaɗan ƙarfe a ƙasa don rairayi.

Ga 'yan'uwa ma'aikata, in babur na ofis ne, a nemi izini a rubuce kafin a taɓa shi, a kuma adana tsofaffin kayan da aka cire. Ran da aka yi canjin wurin aiki, wanda zai gaje shi yana iya zama dogo.