Gungnir, Mashin Odin

A tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai na dā akwai wani mashi mai suna Gungnir, na Odin, babban abin bautarsu. Wadannin maƙera, 'ya'yan Ivaldi, suka ƙera shi, wani makiri mai suna Loki ya kawo wa Odin. In aka kai suka da shi, ba abin da ke tare shi. Snorri Sturluson na Aisland ya rubuta labarin wajen shekarar 1220.

Ƙarshen labarin ne ya fi taɓa min zuciya. Ranar Ragnarok, yaƙin ƙarshe, Odin zai ɗauki mashin ya tunkari ƙaton kyarkeci Fenrir, alhali ya daɗe da sanin cewa kyarkecin zai haɗiye shi. Ya sani, amma ba ya ja da baya.