Farfesa Olopade da Ciwon Dajin Nono



Farfesa Olufunmilayo Olopade ta gama karatun likita a Ibadan a 1980, daga baya ta kama aiki a Jami'ar Shikago. A 2018 ita da abokan aikinta suka buga bincikensu kan ƙwayoyin halittar mata 1,136 masu dajin nono a Ibadan: kusan ɗaya cikin takwas gado ne sanadin ciwonta. Ashe in an same shi ga uwa, ya wajaba a duba 'ya'yanta da wuri.

To, amma Ibadan ke nan. Iyayenmu na Bakori, Funtuwa da Malumfashi, galibi sai ciwo ya ci jiki ake kai su asibitin Shika. Muna roƙon malamanmu na Zariya su yi irin wannan bincike a kansu.