Dafa Oktofas Ya Yi Laushi: Jawabin Masu Sayar da Abinci a Bikin Ƙungiya

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, barkanmu da zagayowar ranar kafa wannan ƙungiya tamu. Allah ya ƙara haɗa kanmu.

An ce mu masu sayar da abinci mu yi magana a kan oktofas, wato dabbar tekun nan mai hannu takwas da masunta ke kawowa Jamestown da Tema. Yaranmu da aka haifa a nan Accra suna son shi da shito, masu saye ma suna tambaya. Wasunmu kuwa suna gudun shi don shakkar halaccinsa. To, a mazhabar Malikiyya da muke bi, dabbobin teku halal ne. Abin da ya rage shi ne iya dahuwa, domin wanda ya tauna nama kamar roba sau ɗaya, wallahi ba zai sake zuwa teburinki ba.

Oktofas ba shi da ƙashi, jikinsa duk tsoka ce mai jijiya. Wuta mai ƙarfi ɗaure ta take yi, wuta kaɗan-kaɗan ce ke sassauta ta. Kun san yadda muke bi da ganda, haka shi ma.

Da farko ki juya kan, ki fitar da kayan ciki da jakar baƙin ruwan nan. Ki cire idanu da ɗan bakin mai tauri da ke tsakiyar hannuwa, ki wanke yashi sosai. Sai ki sa shi a firiza kwana biyu, ƙanƙara tana karya jijiyar. In babu firiza, ki bubbuga shi da taɓarya.

Ki sa shi a tukunya da albasa, citta da tafarnuwa. Ruwa kaɗan ya isa, shi da kansa zai fitar da nasa. Kar ki yi saurin zuba gishiri, daga teku ya fito. Ki rage gawayi, ya riƙa ɓararraka a hankali. Kilo 1 yakan ɗauki minti 45 zuwa awa 1. Ki soka wuƙa a wurin da hannun ya fi kauri, in ta shige ba gardama, ya nuna. Ki bar shi ya huce cikin romonsa, sannan ki yanka, ki soya minti biyu ko uku kawai.

Ga inda kuɗinmu yake, 'yan'uwa: oktofas yana ƙanƙancewa a wuta, kilo 1 kan dawo kusan rabi. In kin yanka farashi bisa nauyin ɗanye, kin ci uwar kuɗi ba ki sani ba, kuma bashin ƙungiya na jiran ki. Abin da malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta koya mana ke nan: mu auna bayan dahuwa, mu rubuta kuɗin gawayi da mai a littafi, sannan mu sa farashi.

Duk mai son gani da ido, ta same mu a rumfa bayan la'asar. Allah ya sa albarka a cinikinmu.